Abin da 'yan ajinmu suka ce kan ritaya

Shekara 40 da barinmu sakandare, ga abin da na tsinta daga doguwar hirarmu:

1. Kowa ya yarda a kafa sana'a tun ana karɓar albashi. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, kuma fansho kan makara. Wani ya ce watanni ya yi yana karɓar shinkafa bashi a shagon unguwa.
2. An rabu kan abin da za a yi da garatuti, wato kuɗin sallama. Wasu sun ce gona da kiwon tumaki, wasu sun ce kaji sun cinye musu jari, gara fili.
3. Komawa ƙauye: mata sun fi ƙi, saboda asibiti da jikoki.
4. A riƙa auna hawan jini da suga. Wannan ya taɓa ni, don mun binne abokai da dama.