An kori gwaggona daga Makka, a can aka haife ta: wannan adalci ne?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Gwaggona a Makka aka haife ta, iyayenta sun je aikin hajji ne suka zauna. Yanzu ta haura shekara hamsin, ba ta taɓa taka Najeriya ba sai da aka kama ta a hanyar kasuwa ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Aka tsare ta a tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a kora, aka ɗauki hoton yatsunta, aka sako ta a jirgi zuwa Kano da abaya ɗaya da leda a hannu. 'Ya'yanta biyu suna can a ɓoye. Hausarta ma duk ta cakuɗe da Larabci, yaran unguwa har tsokanarta suke. Ni dai tambayata: wanda aka haifa a ƙasa, ya tsufa a cikinta, ina ne "gida" da ake cewa an mayar da shi?

Malam na Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta haƙuri. Amma ɗan'uwa, Saudiyya ba ta ba da ɗan ƙasa don kawai an haife ka a can, ta wajen uba ake bi. Kuma sun yi afuwa a 2013, sun sake yi a 2017, suka ce duk marar takarda ya fito ya tafi ba tara ba ɗauri. Mutanenmu da yawa suka ƙi fita. Kafin mu zage su mu tuna namu: a Janairun 1983 gwamnatin Shagari mako biyu ta ba baƙi marasa takarda, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kwashi kaya. Su ma Ganar a 1969, zamanin Busia, haka suka yi wa Hausawa da Yarabawan zango.

Hajiya Mai Turare:
Malam, da girmanka, afuwar nan da kake faɗa wanda yake da fasfo ta fi yi wa amfani. Wadda aka haifa a ɗakin haya ba takardar haihuwa, ba fasfo, da me za ta fito? Ni na yi aikatau a Jidda. Fasfonka na hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka. Ran da kuka saɓa, ko ka nemi albashinka na wata huɗu, sai ya kai rahoton hurub, wai ka gudu. Shi ke nan ka zama mai laifi, shi kuwa yana gida yana shan gahawa. Gyaran da suka yi wa dokar aiki a 2021 ma bai shafi masu aikin gida ba. Ga dillalan biza na nan gida da ke karɓar kuɗin mata su tura su da bizar umara, wa ya taɓa su? Ni ba korar ce ta fi ci min rai ba, a'a, yadda kullum igiyar a wuyan talaka take ƙarewa.

Ɗan Fagge:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. To yaran fa? Akwai hanyar da za a fito da su ba sai an kama su ba?

Hajiya Mai Turare:
Su je ofishin jakadancinmu na Jidda su nemi takardar tafiya ta gaggawa. Za a nemi shaidar cewa 'yan Najeriya ne, don haka ku tura musu duk wata takarda ta dangi da kuke da ita. Kada ku ba kowane dillali ko sisi.