AK-47 ce ko Type 56? Sau biyu ana goge min gyara a wiki

Assalamu alaikum. Daga Gombe nake. Wata biyu ke nan ina koyon rubutu a wani wiki, wato shafin intanet da kowa zai iya gyarawa, da ke tattara bindigogin da ake gani a finafinai da shirye-shiryen talabijin. Na buɗe wa wani shirin Hausa mai dogon zango shafi, tunda namu babu ko ɗaya a wurin.

A kashi na 7 akwai ɗan fashi riƙe da bindiga, na rubuta AK-47. Wani edita ya goge, wai Type 56 ce ta ƙasar Sin. Na sauya hoto na mayar, ya sake gogewa.

Na karanta bambancin. AK-47 ta asali tana da doguwar kwarmi mai kusurwa huɗu a saman gidan harsashi. AKM, wato samfurin da ya gaje ta a 1959, ɗan ƙaramin lotsi ne da ita a wurin, kuma bakinta a karkace yake. Type 56 kuwa zobe ne cikakke ya rufe abin saitinta na gaba. A takarda duk na gane.

Matsalar ita ce bidiyon 360p ne, wato hotonsa ba ya fita tangaram, kuma da dare aka ɗauki wurin. Na bi shi hoto-hoto a manhajar kallon bidiyo ta VLC, na ƙara haske, na zuƙo, sai komai ya dagule. Hannun ɗan wasan ma ya rufe saman gidan harsashin. Abin saitin kaɗai ke fitowa, shi ma dishi-dishi. Abin ya ishe ni, domin ba na son in saka ƙarya a shafin.

Don Allah, siffar abin saitin gaba ita kaɗai ta isa hujjar a rubuta Type 56?