Musayar Waƙa: Kogin Nilu Na Wa Ne?

Malam na Maiwurno:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar na zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu a nan Sudan, na daɗe ina kallonsa. Tun kafin Habasha ta yi bikin buɗe babbar madatsarta a Satumban 2025 halinsa ya sauya mana. Ga 'yan baitoci. Mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "wa", kar a ɓata mini zubi.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Sarkin da ke kashewa da rayawa.
Bayan yaƙin Burmi, 1903, aka tarwatse,
Kakanni suka yo gabas da gudowa.
Bello Mai Wurno ɗan Attahiru ya ja gaba,
Bakin Shuɗin Nilu ya sami tsayawa.
Ruwan nan daga Tafkin Tana yake,
Duwatsun Habasha ne mafarin tasowa.
Ya bar Rusairis, ya gaishe mu, ya nufi Sinnar,
A Mugran shi da Farin Nilu ke haɗuwa.
Yau an ɗaure masa ƙugu a kan iyaka,
Sai an ɗaga ƙofa yake samun wucewa.
Ku faɗa mini, 'ya'yana, kogin na wa ne?
Na mai tushe, ko mai sha, ko mai rabawa?

Ɗan Damazin:
Baba Malam, na durƙusa, a yafe mini gardama. Ni kullum madatsar Rusairis nake kallo daga ƙofar gida.

Baba, kogin da kake wa kuka da kewa,
Shi ne a 2020 ya zo da cinyewa.
Ya haura ma'aunin 1946 da na 1988,
Gidajen ƙasa a Hartum suna ta zubewa.
A da, kowace damina laka ke toshe Rusairis,
Inji ya shaƙe, lantarki na ɗaukewa.
Yanzu tafki mai cin mita kubik biliyan 74
Ya riƙe haukan Agusta, da rani yana sakowa.
Habasha ta haura mutum miliyan 100,
Ƙauyuka da dama duhu ke rufewa.
Wanda ruwa ke ɓulɓula a bayan ɗakinsa,
Ka ce kar ya ɗiba? Ina hanyar hanawa?

Gwaggo ta Madani:
Kai ɗana, bakinka kamar na injiniya. Ni kuwa uwar masu buga tubali ce. Daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 ko gonar ba mu leƙa ba, yaƙi ya kore mu. Mun dawo, ga abin da muka tarar.

Lakar da kake zagi ita muke jira,
Takin da ba a saye, kogi ke kawowa.
In ruwa ya janye mu bi shi da iri,
Albasa da tumatir a gaɓa muke dasawa.
Samari su kwaɓa, su buga, su gasa,
Jan bulon garinmu daga nan yake fitowa.
Bana ruwa ya zo garau kamar na randa,
Gaɓa na zaizaya, ba abin da ke cikewa.
Tun 1925 Sinnar ke shayar da Jazira,
Audugar Bature iyayenmu ke tsincewa.
Madatsa ba baƙuwarmu ce ba, ɗana,
Amma ta Sinnar ta bar laka tana wucewa.
Kai ka samu wuta, Allah ya sa albarka,
Ni da me zan cika tukunyar dafawa?

Yaya na Bur Sudan:
Baba, Gwaggo, ina gaisuwa. Kowa ya zuba wa Habasha ido. Ni arewa nake kallo.

A 1959 aka zauna a Alƙahira,
Masar da Sudan, su biyu, ana yankawa.
Ruwa mita kubik biliyan 55.5 Masar ta ɗauka,
18.5 aka ce mu yi ta godewa.
Mai tushen ruwa ko tabarma ba a ba shi ba,
Yau ya miƙe tsaye, ana ta ruɗewa.
Madatsar Aswan ta cika, Wadi Halfa ta nutse,
Nubawa sai Hashmul Girba, babu komawa.
Ku zo Halayib ku ga rabon 'yan'uwa,
Layin 1899 Masar ke nunawa,
Mu kuma na 1902 muka riƙe gam,
Sojanta na ciki, mu ƙara muke kaiwa.
Ga Bir Tawil a gefe, ba kogi ba teku,
Kowa na cewa "taka ce", ana ta turawa.

Auta na Kosti:
Ƙasar da ba mai so, ku ba ni ita,
In kafa tuta in naɗa kaina sarki!

Malam na Maiwurno:
Auta, ka karya mini amsa-amo. Sarkin da bai iya riƙe baiti ɗaya ba, ina zai riƙe ƙasa? Gyara.

Auta na Kosti:
Tuba nake, Baba. To ga na gaske, tunda mu ne maƙwabtan Kudu.

9 ga Yulin 2011 Kudu ta ɓalle,
Da kashi 3 cikin 4 na mai ta yi ficewa.
Da mu ne babba a Afirka wajen faɗi,
Yau Aljeriya da Kwango ke gaba, muna biyowa.
Abiyai har yanzu ba a yanke ta wa ce ba,
Dinka na zaune, Misiriya da shanu na ratsawa.

Kawu manomin Gadarif:
Ku kuna ganin iyaka a taswira, mu a kunyar gona muke tuntuɓe da ita.

Fashaga baƙar ƙasa ce a bakin Atbara da Sitit,
Riɗi da dawa ba taki suke tsirowa.
Bature Manjo Gwin ya kafa alamun iyaka a 1903,
Habasha ta ce ba da ita aka yi shatawa.
Manoman Amhara sun shekara suna nomanta,
Ƙarshen 2020 sojanmu suka yi shigowa.
Lokacin ana yaƙin Tigirai, hankali na can,
'Yan ƙwadago na tsakiya suna sunkuyawa.
Mai yankan riɗi ba ya tambayar tuta,
Wa zai biya shi kafin kwanso ya yi fashewa?

Malam na Maiwurno:
Madalla da ku duka. Auta ma ya tsira da rawaninsa. Bari in koma kan ɗana na Damazin, don da shi nake da sauran magana.

Ɗan Damazin, hujjarka ta shiga kunne,
Amma ta Gwaggonka ta fi ta zaunawa.
Ban ƙi Habasha ta kunna fitilarta ba,
Sakin ruwa ba sallama ke sa ni damuwa.
Tun Afrilun 2023 bindigarmu ta rabu biyu,
Soja da mayaƙan RSF, wa ya rage a tattaunawa?
Kwale-kwalena na ɗaure a bakin gaɓa,
Injin ban-ruwa na nan, ba mai ɗaukewa.
In ka ga an ɗaga ƙofofin Rusairis,
Bugo mini tun da wuri in je janyewa.

Ɗan Damazin:
In sha Allahu, Baba, da yamma ko da asuba,
Kai ne na farko da zan yi wa sanarwa.
Amma a riƙa ba jikoki wayar su sa caji,
Jiya sau uku na kira, ba a ɗagawa.