Kujerar Luwi na 15 ce ta gaske, ko kwaikwayo?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Na ga wata kujera mai hannu a kasuwar tsofaffin kaya a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Ƙafafunta a lanƙwashe suke, an sassaƙa furanni a saman majingina, yadin ya koɗe. Mai ita ya rantse tun zamanin Luwi na 15 ce, sarkin Faransa na ƙarni na 18. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Yaya zan gane?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam, 'yata. Kifa ta ki duba ƙarƙashi. Tun wajen 1743 aka wajabta wa masassaƙan Faris buga sunansu a jikin katakon, irin su Tilliard da Foliot. Amma hatimin ma ana yin jabunsa, kar ki tsaya nan. Duba mahaɗa: ta gaske da turakun katako ake haɗa ta, cikin katakon kuma da kaushi, da sawun zarton hannu. In kin ga ya yi sumul ko'ina, aikin inji ne. Ni sassaƙar da ta fiye daidaito dama da hagu ba ta kwanta mini.

Hajiya Turai: Ki danna mazaunin. A ƙarni na 18 gashin doki ake cusawa, sifirin sai ƙarni na 19. Sai dai ana sabunta ciki, don haka wannan kaɗai bai yanke hukunci ba.

Maman Hanifa: Na gode, Baba. Hajiya, da sifirin kuwa.

Baba Kafinta: To ki taya ta a farashin ta ƙarni na 19. A zamanin Nafoliyon na 3, sarkin Faransa na wancan ƙarnin, an yi irinta birjik, kuma suna da ƙarko.