Yaron nan da ya fito a Kunta Kinte, ina yake yanzu?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ɗana yana latse-latsen waya sai na tsinkayi wurin nan na Roots, tsohon fim ɗin Amurka a kan cinikin bayi, da aka ɗaure yaro ana tsula masa bulala wai sai ya amsa sunan Toby, shi kuwa ya kafe a kan Kunta Kinte. Rabona da shi tun ina firamare, a kaset ɗin bidiyo, gidan kawuna a Tudun Wadan Zariya. Ranar kasa cin tuwo na yi. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, tashi ta yi ta bar ɗakin tana salati. Don Allah wane ne wannan yaro? Yana raye?

Malam na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yana nan da ransa, sunansa LeVar Burton. A Jamus aka haife shi a 1957, lokacin mahaifinsa yana aikin sojan Amurka a can, amma a Sacramento ya tashi a hannun mahaifiyarsa, wadda ta koyar da Turanci. Yana shekara 13 ya shiga makarantar horar da limaman Katolika, daga baya ya fasa, ya tafi Jami'ar Kudancin Kalifoniya karatun wasan kwaikwayo. Yana ɗalibi, ɗan shekara 19, aka ɗauke shi. Tashar ABC ta nuna shirin dare takwas a jere a Janairun 1977, kuma an kiyasta mutum miliyan 100 suka kalli kashin ƙarshe.

Ni dai a matsayina na malamin makaranta, abin da ya yi bayan nan ya fi ratsa ni. Daga 1983 zuwa 2006 yana gabatar da Reading Rainbow a tashar PBS, shirin da ake ɗauko littafin yara a karanta, a kai su ga abin da littafin yake magana a kai. Shekara 23! Ki tuna a zamanin bauta jihohi da dama a kudancin Amurka sun haramta koya wa bawa karatu. To ga wanda ya fito a bawa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwaɗaita wa yara littafi. Da ya nemi gudummawa a Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, a 2014 don farfaɗo da shirin, dala miliyan 1 ya nema, aka tara masa fiye da miliyan 5.

Abban Siyama:
Ƙarin bayani kaɗan, kada a haɗa su. Burton ya yi Kunta yana saurayi ne, wanda aka kamo daga Juffure ta Gambiya. Wanda ya yi shi bayan ya manyanta John Amos ne, shi kam ya rasu a 2024.

Injiniya Bello:
Mu kuma a shirin talabijin na Star Trek: The Next Generation muka san shi, 1987 zuwa 1994, ya fito a Geordi La Forge, makahon injiniya mai wani ƙarfe a ido. Wallahi sai da na girma na gane mutum ɗaya ne, don ƙarfen ya rufe idanun nan da kowa ya san Kunta da su.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta. Malam, Khalifa yana aji huɗu kuma karatun Turanci na ba shi wahala. Ana samun tsofaffin shirye-shiryen karatun nan a YouTube?