Wanda aka koro daga bida hannu biyu, ya yi asara?

Mai Karo: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a fada wani ya ce duk wanda aka koro daga Aljeriya ya zubar da shekarunsa a banza. Ni ban yarda ba. Shekara uku na yi a Tamanrasset. A wurin aiki aka kwashe mu, aka zube mu cikin hamada, muka taka kusan kilomita 15 kafin mu kai Assamaka. Waya da ɗan abin da na tara duk sun tafi. Amma na dawo da aikin karo, wato shimfiɗa tayil, a hannuna. Maigidana can, in ya ɗora ma'auni ya ga layi ya karkace ko da kaurin ashana ne, sai ka ɓamɓare duka ka sake. Na sha kuka a ɓoye. Yau da wannan aikin nake ci da iyalina a nan Maradi.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya ƙara albarka, amma kai ɗaya ne cikin taro. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Agadas da Arlit, na ga masu dawowa da idona. Mafi yawansu siminti suka ɗauka a ka har aka kamo su, ba wanda ya bari suka taɓa cokalin gini. Me suka koya? Kuma kada mu manta da 2013, mutum 92 ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance.

Mai Karo: Gaskiya ne Baba, Allah ya jiƙansu. Ban ce kowa ya bi hamada ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku maza da an ce waje sai ku dubi arewa. Ni Kwatano da Lome nake zuwa sari. A kasuwar Dantokpa ta Kwatano na ga matan da ba su taɓa shiga lakwal ba, amma kowace da littafin bashinta, yaro na rubuta mata. Can na koyi raba uwar kuɗi da riba. Da, in na sayar da turmi, cefane da biki duk a ciki nake ɗiba, wata uku jari ya narke.

Malamin Lakwal: Hajiya, wannan ai ba sai an ƙetare iyaka ba. Ƴan kasuwar Maradi sun san shi tun zamanin gyaɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Sun sani Malam, amma wa ya zaunar da ni ya koya mini? A gida in ka karye akwai tuwon yayarka. A can ba kowa, dole ka buɗe ido.

Mai Shayi: Ina bayan Hajiya. Na yi shekara biyar a Abijan ina sayar da garba a Ajame, wato acake na rogo da soyayyen kifi. Ban dawo da sana'ar ba, don a nan ba kasuwarta. Abin da na dawo da shi tashin asuba ne, da wanke kwano tsakanin mai saye da mai saye, da ajiye jikka guda kullum ko ciniki bai yi ba.

Baba Direba: To kun gani. Dukanku wani ya riƙe ku, ko kun sauka wurin ɗan gari. Wanda ya tafi bai san inda zai sauka ba fa? Ƙanen matata wata bakwai yana can Sabha ta Libiya, murya kawai muke ji, ita ma sai an nemi kuɗi.

Malamin Lakwal: Subhanallahi. Allah ya kuɓutar da shi. Mai Karo, tambaya ɗaya: yara nawa ka koya wa tun da ka dawo?

Mai Karo: Biyu, Malam. Ɗaya ya gudu bayan sati uku, wai ƙasar waje zai je ya koya.

Baba Direba: Na biyun ka riƙe shi da kyau. Kuma in Allah ya maido mana da namu, wurinka zan kawo shi, ko da ruwa zai riƙa ɗebo muku.