Man giya: a bi wata ko a bi kilomita?

Salam ƴan uwa, don Allah masana mota ku taimaka min. Bara bayan babbar sallah aka sauke min giyabos aka sake haɗa shi a nan Gombe, motar atomatik ce. Makaniken ya ce in dawo bayan shekara a canja man giya da filta, wai sabbin kayan da aka saka suna sakin ɗan garin ƙarfe cikin man. To shekara ta cika amma ko kilomita 4,000 ban yi ba, iyakata Tumfure zuwa Tashan Dukku, sai Bauchi sau biyu. Na zaro sandar awo, man jajir yake, ba ƙaurin ƙonewa, giya kuma na shiga lafiya lau ba fizga. Man kuwa tsada wallahi. In canja yanzu ko in jira?